Filin Tambaya da Amsa: Gertrude Elion, mai haɗa magani mai kyamara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce da nake bayani kan Septrin na ɗan ambaci wata Ba'amurkiya mai suna Gertrude Elion, layi biyu kacal, na ce a ɗakin gwajin da ta yi aiki aka samo rabin maganin, kuma mace ce mai son ɗaukar hoto da yawon duniya. Toh ashe layi biyun nan sun fi sauran shafin jan hankali, saƙonni suka yi ta shigowa har na ga gara in ware mata filin wannan watan gaba ɗaya, tunda dama a irin wannan watan na Fabrairu ta mutu. Guda huɗu na zaɓa.

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya gida. Dan Allah wacece wannan Gertrude Elion ɗin? Ni ina aji uku a karatun harhaɗa magunguna amma wallahi ban taɓa cin karo da sunanta ba, mu dai haddar sunan magani da yadda yake aiki muke yi mu shiga jarabawa mu fito, da kika ce mace ce sai na ji ina so in san komai, yaya aka yi ta kai nan, kuma wane magani ne nata takamaimai?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa'alaikissalam 'yata. Ba ke kaɗai ba ce, ni ma na yi shekaru ina miƙa wa mutane Septrin da Zyloric ta tagar ɗakin magani kafin na san sunanta, kuma ranar da na karanta labarinta sai da na zauna shiru na ɗan lokaci.

An haife ta ranar 23 ga Janairu 1918 a birnin New York. Iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka tun suna yara, baban daga Lituweniya, likitan haƙori ne, uwar kuma daga yankin Folan da ke hannun Rasha a lokacin. Suna da rufin asirinsu har 1929 da kasuwar hannun jari ta rushe, abin da baban ya tara ya tafi. Tana shekara 15 ta gama sakandare, a shekarar kuma, 1933, kakanta da suka shaƙu ya mutu da kansar ciki, ta ga irin wuyar da ya sha, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa abin da ya tura ta kimiyya kenan. Ta zaɓi kimiyyar sinadarai saboda ba ta son fiɗar dabbobi da ake yi a ɓangaren nazarin halittu. Ta shiga Hunter College, makarantar mata ce kuma kyauta ce, ta ce da ba kyauta ba ce da watakila karatun ya tsaya a nan. Ta fito 1937 da sakamako mafi daraja tana shekara 19.

Daga nan fa aka shiga wahala. Ta nemi tallafin ƙaro karatu a makarantu goma sha biyar, babu wadda ta ba ta. Ta je neman aiki a ɗakin gwaji aka ce mata ta cancanta amma mace a cikin maza za ta riƙa ɗauke masu hankali. Sai da ta kai ta shiga makarantar koyon aikin sakatariya, ta koyar da ɗaliban nas na wata uku, ta yi wa wani masanin sinadarai aiki ba albashi don dai hannunta ya saba, daga baya ya fara ba ta dala 12 a sati har ya kai 20. Da abin da ta tara ta shiga Jami'ar New York a 1939, ita kaɗai ce mace a ajin, da rana tana koyarwa a sakandare, da dare da ƙarshen sati tana nata binciken, ta samu digiri na biyu a 1941. A wannan shekarar saurayin da za ta aura ya mutu da ciwon zuciya irin wanda bakteriya ke kamawa, ciwon da bayan 'yan shekaru kaɗan allurar fenisilin ta riƙa warkar da shi. Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa.

Yaƙin duniya na biyu ne ya buɗe mata ƙofa, maza sun tafi yaƙi, kamfanoni sun rasa ma'aikata. Aikin farko da ta samu a kamfanin kantunan abinci na A&P ne, tana auna tsamin kokwambar gwangwani da kalar mayonis, wannan da muke ce wa bama. Ki duba fa, mai digiri biyu. Ta yi wata shida a Johnson & Johnson aka rufe sashen. Sai 1944 ta samu aiki a kamfanin Burroughs Wellcome da ke Tuckahoe kusa da New York, mataimakiyar wani masani George Hitchings, a kan dala 50 a sati, kuma a wannan kamfanin ta zauna har ta yi ritaya a 1983.

Toh ga inda nake so ki nutsu, don wannan zai miki amfani ko a jarabawa. A da yadda ake neman magani shi ne a kwaso sinadarai barkatai a yi ta gwadawa a kan dabbobi ko Allah zai sa a dace. Hitchings ya ce a'a, mu fara gane yadda ƙwayar halitta take rayuwa tukunna. Kowace ƙwaya, ta mutum ce ko ta ciwon kansa ko bakteriya ko ƙwayar maleriya, in za ta hayayyafa sai ta gina sabon DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, kuma ginin yana da tubalansa, ana kiran wasu furin wasu firimidin. Ƙwayar da ke hayayyafa da gaggawa ta fi kowa yunwar tubali. Toh idan aka ƙera tubalin bogi mai kama da na gaske, magini ya ɗauka ya ɗora, ginin ya tsaya cak, ai an gama da ita. Aka ba Elion ɓangaren furin. Kuma ki sani sun fara wannan tun kafin 1953 da aka gano ainihin siffar DNA, laluben duhu suke yi da tunani kawai.

A 1951 ta ɗauki wani furin ta cire masa ƙwayar iskar oksijin guda ɗaya ta sa farar wuta a gurbinta, canji ɗaya tak, aka samu abin da kike gani a littafinku da sunan 6-mercaptopurine, ko 6-MP a taƙaice. Likita Joseph Burchenal na asibitin Sloan-Kettering ya gwada shi a kan yara masu kansar jini, yaran da a lokacin in an gano ciwon 'yan watanni suke yi su mutu. Wasu suka miƙe, jini ya gyaru, suka koma gida, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1953. Amma ciwon sai ya dawo, yaran su mutu. Wannan ne ya fi tsaya min a rai a duk labarinta, ka haɗa magani da hannunka, ka ga yaro ya tashi yana wasa, bayan watanni a ce maka ya tafi. Ba ta bar shi ba, ta shafe shekaru tana bin diddigin abin da jiki yake yi da 6-MP bayan an haɗiye shi, ina yake zuwa, me ke lalata shi, ta ina yake fita.

Wannan nacin ne ya haifi wasu magunguna biyu da ba su aka fita nema ba. Ta haɗa wani sabo, azathioprine wanda ake sayarwa da sunan Imuran, da niyyar ya riƙa sakin 6-MP a hankali cikin jiki, a ciwon kansa bai fi na farkon ba, amma a 1958 Robert Schwartz a Boston ya nuna 6-MP yana kwantar da garkuwar jikin zomaye, sai wani likitan tiyata ɗan Ingila, Roy Calne, ya gwada Imuran a karnukan da aka yi wa dashen ƙoda jikinsu bai ƙi ta ba, daga nan Joseph Murray ya yi amfani da shi a kan mutane, a 1962 aka dace da dashen ƙoda tsakanin waɗanda ba su haɗa jini ba. Na biyun, allopurinol, shi ne Zyloric, an yi shi ne don ya toshe wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke sarrafa abubuwa da shi, wanda ke lalata 6-MP, sai ga shi wannan inzayim ɗin shi ne ke ƙera gishirin yurik da ke taruwa a gaɓɓai ya kumbura babban yatsan ƙafa, ciwon da ake kira gawut. Shi kuma 6-MP ɗin, da likitoci suka koyi haɗa shi da wasu magunguna a daɗe ana sha, yau a ƙasashen da ke da kayan aiki sama da yara takwas cikin goma masu irin wannan kansar suna warkewa, kuma har gobe yana cikin haɗin.

A 1967 ta zama shugabar sashenta, ta juya kan bairos a lokacin da masana da yawa ke ganin ba za a iya kashe bairos ba tare da an kashe ƙwayar jikin da ya ɓuya a ciki ba. Abokin aikinta Howard Schaeffer ya haɗa acyclovir, Zovirax kenan, a 1974, ita da mutanenta suka gano sirrinsa, wato maganin a kwance yake ba ya komai sai inzayim ɗin bairos ɗin da kansa ya tashe shi, don haka lafiyayyar ƙwaya kusan ba ruwanta. Shi ake bayarwa a ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe ko al'aura, da ƙarambau in ya yi tsanani. Bayan ta yi ritaya, mutanen da ta horar a kamfanin su suka fito da AZT, maganin HIV na farko da aka amince da shi a 1987.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni magidanci ne, 'yata ta biyu tana karatun magani irin naki, yarinya ce mai hankali ban taɓa samun ƙararta ba, amma bara ta tara kuɗinta ta sayi tsohuwar kyamara, yanzu duk Asabar sai ta ja ƙaninta su tafi ɗaukar hoton ganuwa da ƙofofin gari da tsuntsaye, ta dawo ta zauna a kwamfuta tana gyarawa. Ni ina ganin shiririta ce, karatun nan ba wasa ba ne kuma kuɗi nake zubawa, har na yi niyyar karɓe kyamarar, sai ta kawo min shafinki ta ce Baba duba wannan matar ma hoto take ɗauka. Toh Hajiya gaskiya ne, ko yarinya ce kawai ta samu madafa?
Wani uba daga Katsina

AMSA: Alhaji amin, na gode. Gaskiya ne, 'yarka ba ta ƙara gishiri ba. Lokacin da aka ba Elion kyautar Nobel a 1988 an ce ta rubuta taƙaitaccen tarihinta, a ciki bayan ta gama maganar aiki ita da kanta ta kawo ɗaukar hoto da tafiye-tafiye a matsayin abubuwan da take so, ta ce ta zaga ƙasashe da dama kuma da sauran wuraren da take son gani. Ta kuma ambaci opera, wani wasan kwaikwayo ne na Turawa da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, ba al'adarmu ba ce, nasu ne, amma abin da nake so ka lura da shi shi ne ta ce sama da shekara 40 tana biyan kuɗin kujerarta a gidan Metropolitan Opera na New York. Yi lissafi Alhaji, shekara 40 kafin 1988 ya kai mu shekarun 1940, wato tun tana ƙaramar ma'aikaciya, kafin 6-MP, kafin kowa ya san sunanta. Ba sai da ta gama aiki ta huta ta fara ba. Kuma a 1970 kamfanin ya tashi ya koma jihar North Carolina, tafiyar kilomita wajen 800, kusan Kano zuwa Abuja sau biyu, ta bi aikinta can amma ba ta saki kujerar ba. Tun tana yarinya ma a unguwar Bronx gidan namun daji na nan ne wurin zuwanta, son kallo da son sani a jininta yake.

Ba zan yi maka daɗin baki in ce kyamara ce ta ba ta basirar haɗa magani ba. Amma ka duba abin da matar nan take ɗauke da shi. Kaka ya mutu a gabanta, wanda za ta aura ya mutu da ciwon da maganinsa ke bakin ƙofa, ga yaran da maganinta ya tasa sannan suka koma, ga sinadarai rututu da ta haɗa waɗanda ba su yi komai ba, don a wannan aikin wanda ya faɗi ya ninka wanda ya ci nesa ba kusa ba. Shekara 39 a haka a wuri ɗaya kuma ba ta gaji ta watsar ba. Ni a nawa ganin mutum ba ya iya wannan sai yana da wani wuri da zuciyarsa ke shan iska.

Na faɗi haka ne don na ɗanɗana. Akwai shekarar da nake ɗakin maganin sashen yara a wani asibiti, damina ce, layi har waje, wani bawan Allah ya miƙo min takarda hannunsa na rawa, allurar da aka rubuta wa ɗansa ta ƙare mana tun safe, na kwatanta masa kyamis ɗin da zai samu a waje ya fita da gudu, da ya dawo da ledar a hannu an riga an lulluɓe yaron. Ya zo tagata ya ajiye ledar ya ce Hajiya a ba wani. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba, ban iya magana da kowa ba, bayan isha'i na jawo hular da nake ɗinkawa, sana'ar da na koya wurin kakata, na zauna ƙarƙashin fitila ina ƙirga zare, shuɗi uku fari ɗaya, shuɗi uku fari ɗaya, har numfashina ya dawo daidai na samu na yi barci, da safe na koma taga. Shekara talatin allura da zaren nan suna cikin jakata, ban taɓa sayar da hula ko ɗaya ba, kyauta nake yi da su. Aikin da 'yarka za ta shiga kenan Alhaji, za ta ga irin wannan ranar, ba sau ɗaya ba.

Kuma mu ma ai mun san abin, sunan ne kawai ba mu ba shi ba. Wane gari ne babu malami ko ɗan kasuwa mai ɗakin tantabaru a bayan gida, da la'asar ya fito ya watsa masu dawa yana kallon tashinsu, ko dattijon da ba ya fashin dara a gindin bishiya, ko mai doki da ya fi kula da shi fiye da motarsa? Ba wanda ya ce sun lalace. In ka ga an ɗaga gira to yarinya ce ta ɗauko nata.

Shawarata kada ka karɓe kyamarar. Ka nemi sakamakonta na zangon da ya wuce da na kafin ta saya ka gwada, in bai sauka ba to magana ta ƙare, in ya sauka ku yi sharaɗi, lokacin jarabawa kyamara ta shiga akwati. Ka san inda take zuwa da lokacin dawowa, tafiya da ƙaninta da take yi tunani ne mai kyau, ka kuma ja mata kunne kada ta ɗauki fuskar kowa sai da izininsa. Kada kuma a matsa mata cewa sai abin ya kawo kuɗi, ana mayar da shi sana'a ya zama wani aikin. Sannan wata Asabar ɗin ka ce ta buɗe kwamfutar ta nuna maka ƙofofin garinku yadda idonta ya gan su.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara da damina nake tambaya, wata maƙwabciyata mai karanta shafinki ta ce min wai wannan baturiyar ce ta haɗa shi, har da wanda ake ba mu wurin awo guda uku. Ina da yara biyu ƙanana kuma ina da ciki wata huɗu, shi ya sa nake so in ji gaskiyar abin da muke sha, kuma in yaro ya yi zazzaɓi zan iya sayo irinsa in ba shi?
Wata uwa daga Maraɗi

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Maƙwabciyarki ta kusa gaskiya amma bari in gyara, don haƙƙin wasu na ciki. Ƙwayar da ake ba ku wurin awo, wadda aka fi sani da Fansidar, magani biyu ne a haɗe, a jikin kwalin za ki ga sulfadoxine da pyrimethamine. Na biyun, firimetamin, daga ɗakin gwajin Hitchings da Elion ya fito a farkon shekarun 1950, da irin dabarar nan tasu, amma ita furin ta fi riƙewa, wannan ɓangaren wata abokiyar aikinta Elvira Falco da Peter Russell su suka fi yin aikin hannunsa, kamar yadda Barbara Roth ke da babban hannu a trimethoprim da ke cikin Septrin. Aikin taro ne. Shi kuma sulfadoxine na wani kamfanin ne daban, Roche. Manyanmu sun san firimetamin shi kaɗai da sunan Daraprim, wanda ake sha duk Lahadi har ake ce masa Sande-Sande, ni na tuna a makarantar kwana ana jera mu bayan karin safe, ƙwaya ɗaya a tafin hannu, sai an ga kin haɗiye ki buɗe baki.

Yadda yake aiki, ƙwayar maleriya sai ta ƙera sinadarin folik da kanta kafin ta hayayyafa, toh sulfadoxine ya tare ta a matakin farko, firimetamin ya tare ta a na gaba, an rufe ƙofa biyu kenan, kuma firimetamin ya fi kama inzayim ɗin ƙwayar cutar fiye da namu nesa, shi ya sa yake cutar da ita ya bar mu.

Ga mai ciki ana farawa daga sati na 13, ƙwaya uku lokaci ɗaya a gaban ma'aikaciya, a bar aƙalla wata ɗaya tsakani, a samu aƙalla sau uku kafin haihuwa, ke da kike wata huɗu lokacinki ya yi. Maleriya tana iya maƙalewa a mabiyiya ba tare da kin ji zazzaɓi ba, ta shanye miki jini ta sa jariri ya zo ƙarami, shi ya sa ake ba ki ko kina jin garau. In kina shan Septrin kullum, ko maganin salfa ya taɓa feso miki da ƙuraje ko ya sa bakinki ya yi gyambo, ki faɗa kafin a ba ki, ba a haɗa su. Ki kuma nuna masu maganin ƙarin jinin da kike sha, don folik mai ƙarfin miligiram 5 yana rage masa aiki.

Na yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawararsa a 2012 don ƙasashenmu na Sahel inda maleriya ke zuwa da damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko a ba da wannan haɗin tare da wani maganin maleriya, amodiyakwin, a gaban masu rabo, kwana biyun da ke biye ke za ki ba da amodiyakwin a gida, sannan a maimaita duk wata har ruwa ya ɗauke. Dan Allah kada ki ajiye na kwana biyun nan ki ce sai ya yi zazzaɓi, na ga iyaye da yawa suna haka. Tambayarki ta ƙarshe kuma amsar a'a ce, rigakafi ne, ƙwayar maleriya ta daɗe da fara jure masa, shi ya sa tun wajen 2005 aka koma haɗin da ke da atemisinin wurin warkarwa. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi a ɗiga jininsa a gwada.

TAMBAYA: Hajiya wai da gaske ba ta da digirin dakta aka ba ta Nobel? Kuma ta yi aure daga baya?
Wani malamin makaranta daga Kumasi

AMSA: Da gaske ne Malam. Ta fara karatun daktan da dare a Brooklyn Polytechnic, ta tashi daga aiki ta hau jirgin ƙasa ta je aji ta dawo, bayan shekara biyu aka ce mata ko ta bar aiki ta zo gaba ɗaya ko ta haƙura. Ta zaɓi aikin. Ta daɗe abin na damunta, sai daga baya jami'o'i suka yi ta ba ta na girmamawa, sama da ashirin. Nobel ɗin fannin likitanci na 1988 su uku suka raba, ita da Hitchings da James Black ɗan Birtaniya, a 1991 Shugaba Bush na farko ya ba ta lambar kimiyya ta ƙasa, a shekarar kuma ta zama mace ta farko da aka sa a zauren tunawa da masu ƙirƙira na Amurka, tana da rajistar ƙirƙira 45. Da aka tambaye ta kan Nobel ta nuna kyautar ta yi daɗi amma warkewar mutane ita ce ladan aikin, kuma ta adana wasiƙun da iyayen yara da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke aiko mata.

Aure kam ba ta yi ba bayan mutuwar saurayin nan a 1941. 'Ya'yan ƙaninta ta riƙa kamar nata, Trudy suke ce mata kamar kowa, da za ta je Stockholm karɓar kyautar ma sai ta kwashe su har da ƙananan jikoki aka tafi tare. Bayan ritaya ta yi aiki da kwamitocin Hukumar Lafiya ta Duniya kan cututtukan ƙasashe masu zafi har da maleriya, sannan a Jami'ar Duke duk shekara tana ɗaukar ɗalibin likitanci ɗan aji uku ta koya masa bincike. Ranar 21 ga Fabrairu 1999 ta fita tattakin da ta saba a garin Chapel Hill, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa ta faɗi, ta mutu a ranar tana da shekara 81. Shekara shida bayan nan, a 2005, aka amince da nelarabine, wani maganin kansar jini da ya fito daga aikin da ta fara a kan furin.

Masu tambayoyin hawan jini da na sikari ku yi haƙuri, suna nan a ajiye, sai fitowa ta gaba in sha Allah.